Ɗinkin Bututun Maɗaciya: Salon Ɗinki Ne Abin Dubawa Ko Mai Riƙe Da Allura?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci yana feɗe rago, ko kuwa ya taya mahaifiyarsa gyaran kaza, ya san irin taka-tsantsan ɗin da ake yi idan wuƙa ta iso wajen hanta. A nan ne za ka ji ana cewa, "bi a hankali, kada ka fasa matsarmama," domin idan ta fashe ɗacinta kan ɓata duk naman da ya taɓa. To mu ma 'yan Adam muna da wannan 'yar jaka manne a ƙarƙashin hanta. Hanta ce ke samar da ruwan maɗaciya, kimanin rabin lita ko fiye a kowace rana, matsarmama kuwa ajiye shi kawai take yi. Daga hanta ruwan yakan gangaro ta wani siririn bututu wanda a jikin lafiyayyen mutum bai kai kaurin fensir ba, har ya zuba a farkon ƙaramin hanji, inda yake taimakawa wajen narkar da maiƙo. Mutum zai iya rayuwa lafiya lau ba tare da matsarmama ba, amma ba zai rayu ba idan wannan bututu ya toshe ko ya yanke aka bar shi haka.

Idan bututun ya lalace, abin da likitocin fiɗa kan yi shi ne su jawo hanji su ɗinke shi da bakin bututun. An daɗe ana musu tsakaninsu a kan salon da ya fi dacewa a yi wannan ɗinki. A wannan maƙala ina so in kawo wa mai karatu wannan musu, sannan in bayyana ra'ayina, wanda shi ne an mayar da hankali a kan ƙaramar tambaya an bar babba. Amma bari mu fara da labarin wani babban mutum da wannan ɗan bututu ya hana sakat har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya sami Anthony Eden

A ranar 12 ga Afrilu, 1953 aka shiga da Anthony Eden, ministan harkokin wajen Birtaniya na lokacin, ɗakin tiyata a Landan domin a cire masa matsarmama. Aiki ne da tun a wancan zamani aka ɗauke shi a matsayin na yau da kullum, domin tun 1882 wani likita Bajamushe mai suna Carl Langenbuch ya fara yin sa a Balin. Sai dai a wurin wannan aiki aka ji wa bututun maɗaciyarsa rauni. Ruwan ya riƙa tsiyaya a cikin cikinsa, shawara ta kama shi, aka sake buɗe shi a ƙarshen wannan wata, ya kusa rasa ransa. Daga baya aka ɗauke shi zuwa birnin Bostan na Amurka wurin Richard Cattell, likitan da ya shahara a duniya a kan gyaran irin wannan rauni, wanda ya haɗa masa bututun da hanji a watan Yuni na wannan shekara.

Gyaran ya ceci ransa, amma bai mayar da shi yadda yake a da ba. Zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari ya riƙa kawo masa ziyara jefi-jefi, wanda alama ce ta cewa ƙwayoyin cuta na hawa bututun. Eden ya zama firaminista a 1955. A ranar 26 ga Yuli, 1956 Shugaba Gamal Abdel Nasser na Masar ya ƙwace mashigin ruwan Suwez ya mayar da shi mallakar ƙasarsa, kuma a farkon watan Oktoba, ana tsakiyar wannan rikici, zazzaɓin ya kwantar da Eden a asibiti. Makonni kaɗan bayan haka Birtaniya da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar hari, aka tilasta masu janyewa da kunya, shi kuma ya sauka daga mulki a watan Janairu, 1957. An sake yi masa tiyata a Bostan a 1957, aka kuma sake a 1970. Masana tarihi har yau suna gardama a kan ko rashin lafiyar da magungunan da yake sha sun shafi irin shawarar da ya yanke a kan Suwez. Abin da babu gardama a kansa shi ne, kuskuren 'yan daƙiƙu a kan bututun da bai kai fensir ba ya bi wannan mutum fiye da shekara ashirin. Idan haka ta faru ga babban mutum da aka kai ƙetare neman magani, to ina ga talaka?

Yaushe ake buƙatar wannan ɗinki?

Dalili na farko shi ne irin na Eden, wato raunin da ake ji wa bututun a lokacin cire matsarmama. Na biyu shi ne ciwon daji a kan fankiriyas ko a ƙasan bututun kansa. Idan ciwon mai ciruwa ne, akan yi babban aikin nan da Allen Whipple na Amurka ya bayyana a 1935, a cire kan fankiriyas da ƙasan bututu da farkon hanji, sannan a sake haɗa abin da ya rage. Idan kuwa ya wuce cirewa, akan kewaye wurin da ya toshe domin maras lafiya ya sami sauƙin shawara da ƙaiƙayi. Akwai kuma yaran da ake haifa da bututu mai kumburi kamar jaka, wanda dole a cire shi, da kuma wasu daga cikin waɗanda ake yi wa dashen hanta.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba za a haɗa bakunan bututun biyu da suka rabu ba, kamar yadda ake haɗa tiyo? Amsar tana ga jini. Bututun yana samun jininsa ne daga wasu siraran jijiyoyi biyu da ke bin gefensa na dama da na hagu, kuma binciken da Northover da Terblanche suka yi a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a 1979 ya nuna cewa mafi yawan jinin daga ƙasa yake hawowa. Saboda haka idan aka datse bututun, bakin sama yakan rasa isasshen jini. Bugu da ƙari, sau da yawa ba yankewa kawai yake yi ba, guntunsa ake cirewa tare da matsarmama, don haka sai an ja da ƙarfi kafin bakunan su haɗu. Nama maras jini da aka ɗinke a ɗame kuwa tabo yake yi, tabo kuma tsukewa yake yi.

Wannan ne ya sa aka koma ga dabarar César Roux, likitan birnin Lozan na Suwizalan, wanda ya fito da ita a ƙarshen ƙarni na 19 domin aikin tumbi. Akan yanke ƙaramin hanji gida biyu, a jawo ɓangaren ƙasa zuwa gindin hanta a ɗinke shi da bututun, sannan ɓangaren sama mai ɗauke da abinci a ɗinke shi a gefen wancan, santimita 40 zuwa 60 daga wurin haɗin farko. Haɗin yakan ba da siffar harafin Y. Hikimar wannan tazara ita ce kada abinci da ƙwayoyin cutar hanji su riƙa komawa sama zuwa hanta.

Salon ɗinki guda biyu

Ɗinki a jikin ɗan Adam bai yi nisa da ɗinkin tufafi kamar yadda muke zato ba. Alexis Carrel, Bafaranshen da ya sami kyautar Nobel a 1912 saboda dabarun ɗinke jijiyoyin jini, wurin wata mai aikin surfani a birnin Liyon ya je ya ƙara gogewa a kan sarrafa siririyar allura. Kamar yadda tela ke da salo iri-iri, haka likitan fiɗa, amma a wannan aiki salo biyu ne ake gardama a kansu.

Na farko shi ne ɗinkin ɗaiɗai. A nan kowace suka da zarenta da ƙullinta. Likita zai soka allura a bangon bututu, ya soka a bangon hanji, ya ajiye zaren bai ƙulla ba, ya matsa milimita biyu ko uku ya sake soka wani. Sai ya gama jera na bangon baya kaf, sannan ya zuro hanjin a kan zarurrukan har ya zauna a bakin bututu, ya ƙulla su ɗaya bayan ɗaya, kafin ya dawo kan bangon gaba. Amfaninsa shi ne likita yana ganin inda kowace allura ta faɗa, jini yana samun wurin ratsawa tsakanin ƙulli da ƙulli, kuma idan ɗaya ya kwance sauran suna nan. Aibinsa kuwa shi ne cin lokaci da cin zare, ga shi zarurrukan kan sarƙe idan mataimaki bai yi hattara ba, sannan ana iya barin 'yar kafa tsakanin ƙulli biyu wadda ruwa zai bi.

Na biyu shi ne ɗinkin zarcewa, wato zare ɗaya ko biyu su zagaye haɗin gaba ɗaya, kamar yadda ake dalma bakin zane. Ya fi sauri, ya fi arha, ƙullinsa kaɗan ne, kuma yakan toshe kafa sosai domin ɗamewar tana rarrabuwa daidai. Haɗarinsa shi ne idan aka ja zaren fiye da kima sai ya yi aikin mazagin wando, ya tattare bakin haɗin ya tsuke shi, ya kuma shaƙe jinin wurin. Idan kuma aka sassauta ko zaren ya tsinke a wuri ɗaya, to duk layin ne ya kwance.

Shi ma zaren abin dubawa ne. A da da siliki ake yi, sai aka lura cewa ƙullin da ya zauna a cikin bututu yakan zama tushen da tsakuwa ke taruwa a kansa. Daga shekarun 1970 aka fara samun zarurrukan roba da jiki ke narkarwa, a farkon shekarun 1980 kuma aka fito da PDS, zare mai sulɓi wanda kan riƙe ƙarfinsa na makonni kafin ya narke cikin watanni. Irinsa ake amfani da shi yanzu, siriri ƙwarai, mai lamba 4-0 zuwa 6-0, inda yawan lamba ke nuna ƙarin sirantaka.

Me bincike ya nuna?

Shekaru da dama kowane likita yana bin abin da malaminsa ya koya masa ne, yana kuma rantsuwa cewa shi ne daidai. Da aka zo aka gwada, sai sakamakon ya ba ɓangarorin biyu kunya. A wani bincike da aka yi a Japan, aka buga a 2018, an raba marasa lafiya 228 da aka yi wa aikin fankiriyas gida biyu. Ɗinkin zarcewa ya ɗauki kimanin minti 16, na ɗaiɗai kimanin minti 27, kuɗin zare ya bambanta nesa ba kusa ba, amma wajen yoyo da tsukewa ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. A 2023 likitocin birnin Diresdin na Jamus suka buga nasu gwajin a kan mutum kimanin 80 da aka raba ta hanyar ƙuri'a. Nan ma minti 12 ne da minti 22, matsaloli kuma kusan iri ɗaya.

Wanda ya karanta wannan zai iya cewa magana ta ƙare, kowa ya koma ɗinkin zarcewa tunda ya fi sauri da arha. A ƙasa irin tamu inda dangin maras lafiya ne ke biyan kuɗin kayan aiki daga aljihunsu, wannan hujja ce mai nauyi, kuma ban raina ta ba. Sai dai akwai abin lura. Mai ciwon daji a kan fankiriyas yakan zo ne da bututun da ya daɗe a toshe, ya kumbura ya yi faɗi, bangonsa ya yi kauri. Ɗinke irin wannan ba wuya. Bututun da aka ji wa rauni a wurin cire matsarmama kuwa na lafiyayyen mutum ne, siriri, mai bango kamar takarda, sau da yawa wuta ta ƙona shi, kuma yankan yana can sama a gindin hanta inda ya rabu gida biyu. Sakamakon da aka samu a kan na farko ba zai zama hujja kai tsaye a kan na biyu ba. Haka nan tsukewa ba ta bayyana a makon da aka sallami mutum. Galibi cikin shekaru biyu zuwa uku na farko take fitowa, wata ma sai bayan shekaru masu yawa, alhali minti goma da aka rage a ɗakin tiyata nan take ake ganinsa.

Don haka abin da na fahimta shi ne, idan bututu mai faɗi ne mai ƙwari, ɗinkin zarcewa ya wadatar, kuma babu dalilin ɗora wa maras lafiya kuɗin zare masu yawa. Idan siriri ne mai rauni, ko akwai baki fiye da ɗaya, to ɗinkin ɗaiɗai ya fi ba likita iko a kan kowace suka. Wasu ma kan gwama, su zarce a bangon baya su yi ɗaiɗai a na gaba. Likitan da salo ɗaya kawai ya iya bai gama koyo ba.

Babbar tambayar da aka bari

To idan salon ɗinki bai raba gardama ba, mene ne ke raba wanda ya warke da wanda ya shiga wahala? A 1995 wasu likitoci biyu na birnin San Faransisko, Lygia Stewart da Lawrence Way, suka bi diddigin waɗanda aka ji wa wannan rauni aka kuma gyara. Abin da suka gano ya girgiza masu sana'ar. Inda likitan da ya ji raunin ne ya yi gyaran da kansa, kashi 17 cikin ɗari kawai aka yi nasara. Inda aka tura maras lafiya wurin ƙwararren da ya saba da aikin bututun maɗaciya, nasarar ta kai kashi 94. Sun kuma lura cewa gyaran da aka yi ba tare da an ɗauki cikakken hoton rassan bututun tukuna ba, kusan duk lalacewa ya yi. Mai karatu ya kwatanta wannan tazara da ta minti goma da ake ta musu a kanta.

Dalilin wannan tazara a fili yake. Likitan da ke cire matsarmama kullum zai iya yin shekaru bai ɗinke bututu ko sau ɗaya ba, domin raunin ba ya yawan faruwa. Ranar da ya faru kuwa, ranar ce hankalinsa ya fi tashi, ga gajiya ga fargaba. Shi kuwa ƙwararre ya san abubuwan da ba a ganinsu a zare. Ya san dole a datse bakin bututu har a kai ga nama mai jini. Ya san dole fatar cikin bututu ta haɗu da fatar cikin hanji, ba tare da ɗamewa ba. Ya san dabarar da Hepp da Couinaud na Faransa suka bayyana a 1956, ta tsaga reshen hagu na bututun a tsaye, domin shi ne ke tafiya a wajen hanta na ɗan tsawo, a sami baki mai faɗi da ko ya tsuke kaɗan ba zai toshe ba. Ya kuma san lokacin da bai kamata a taɓa ba sam, wato idan ciki ya riga ya cika da ruwan maɗaciya ya ruɓe, sai a sa robar tsotse ruwa, a kashe ƙwayoyin cuta, a jira makonni shida ko fiye kafin a ɗinke. Kowane gyaran da ya lalace yana cinye wani yanki na bututun, na gaba sai an hau sama, kuma damar nasara tana raguwa. Gyaran farko shi ne dama mafi girma da maras lafiya ke da ita.

A nan ya kamata a yi wa likitoci adalci. Jin wannan rauni ba lallai ne ya zama alamar sakaci ba. A 2003 Way da abokan aikinsa suka nazarci rauni 252, suka gano cewa kashi 97 cikin ɗari ruɗin ido ne ya jawo su, wato likita ya ga babban bututu ya ɗauka ƙaramin da ke fita daga matsarmama ne, ya datse shi da cikakken yaƙinin cewa daidai yake yi. Tun da Erich Mühe na Jamus a 1985 da Philippe Mouret na Faransa a 1987 suka buɗe ƙofar cire matsarmama da kyamara ta 'yan ƙananan huji, yawan raunin ya ƙaru zuwa kimanin uku zuwa biyar a cikin dubu, daga ɗaya zuwa biyu na zamanin tsaga ciki. Wannan ne ya sa Steven Strasberg ya kawo ƙa'idarsa a 1995, cewa kada a datse komai sai an share wurin an ga abu biyu tak suna shiga matsarmama, wato ƙaramin bututunta da jijiyar jininta. Kuskure kan sami gwani. Abin zargi shi ne abin da ya biyo bayan kuskuren, idan kunya ko girman kai suka sa likita ya rufe bakinsa ya shiga gyaran da bai saba ba. Masu iya magana sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da masu ja da wannan ra'ayi za su ce

Na san za a ce wannan magana ta masu hali ce. A Amurka ko Jamus motar asibiti za ta kai mutum wurin ƙwararre cikin awa ɗaya ko biyu, a nan kuwa ƙwararrun kaɗan ne, suna manyan asibitocin koyarwa, hanya ba kyau, dangi sun riga sun sayar da abin da suke da shi wajen aikin farko. Likitan da ke gari mai nisa zai ce, in ban ɗinke ba wa zai ɗinke?

Hujja ce mai ƙarfi, amma a ganina tana goyon bayan ra'ayina ne. Wanda kuɗinsa na aiki ɗaya ne kacal, shi ya fi kowa buƙatar a yi aikin daidai tun farko, domin ba shi da halin zuwa Bostan sau uku. Sannan abin da ake nema daga likitan farko ba abu ne mai wuya ba. Ya daina tono, ya sa robar da za ta fitar da ruwan waje, ya rufe, ya ba da maganin ƙwayoyin cuta, ya rubuta abin da ya faru dalla-dalla, ya kira wanda ya fi shi sani. Maras lafiyar da ruwan maɗaciyarsa ke fita ta roba zai iya jure tafiyar kwana guda, har ma ya jira makonni. Abin da ke kisa da gaggawa shi ne ruwan da ya taru a ciki ya ruɓe, kuma wannan kowane likitan fiɗa zai iya magance shi.

Za a kuma ce tsoron shari'a da zubewar mutunci ne ke hana faɗin gaskiya. Haka ne, kuma mu jama'a muna da laifi a nan, domin mun saba ɗaukar likitan da ya ce "wannan ya fi ƙarfina" a matsayin wanda bai iya aiki ba. Matuƙar muna wulaƙanta mai faɗin gaskiya muna yabon mai rufa-rufa, to rufa-rufar za mu ci gaba da samu.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce tsakuwar matsarmama ciwon Turawa ne. A da an ɗauka haka, amma masu ciwon sikila suna yawan samun ta tun suna yara saboda yawan fashewar ƙwayoyin jininsu, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan ciwo. Ga kuma sauyin cima da ƙiba a birane. Tiyatar kyamara tana ƙara yaɗuwa a asibitocinmu na gwamnati da na kuɗi, kuma duk inda ta shiga sabuwa an ga raunin ya fi yawa a shekarun koyo. Ke nan lokacin shiri shi ne yanzu.

Ina ganin ya kamata kwalejojin da ke horar da likitocin fiɗa, ta ƙasa da ta Afirka ta Yamma, su haɗa kai da ma'aikatun lafiya a ware wasu asibitoci a kowace shiyya da kowa ya san can ake kai irin wannan rauni, a kuma riƙa ajiye lissafin waɗanda aka gyara da yadda suka kasance bayan shekara biyar. Mu kuma da muke jinyar 'yan'uwa, akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Wanda aka cire wa matsarmama ya kamata a ga yana samun sauƙi cikin 'yan kwanaki. Idan ciwon ciki ya ƙi tafiya, ko cikin ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ko ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, ko aka ga ruwa kore-kore yana fita ta roba ko ta bakin ciwo, to a koma asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙen maganin shawara, domin mafi yawan irin wannan rauni ba a gane shi sai bayan an gama aiki. Idan kuma aka ce za a sake shiga a gyara bututu, ba rashin kunya ba ne a tambayi likita cikin ladabi, "ranka ya daɗe, irin wannan gyara nawa ka taɓa yi, kuma akwai inda suka fi sabawa da shi?" Likitan kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Kammalawa

A taƙaice, ɗinkin zarcewa da na ɗaiɗai duk hanyoyi ne masu kyau, kowanne da inda ya fi dacewa, kuma faɗin bututu da ƙwarinsa su ya kamata su zaɓa wa likita, ba al'adar gidan da ya yi karatu ba. Bambancin da ke tsakaninsu na mintoci ne da kuɗin zare. Bambancin da ke tsakanin hannun da ya saba da wanda bai saba ba kuwa shi ne tsakanin kashi 94 da kashi 17, wato tsakanin mutum ya koma harkokinsa da kuma ya ƙare rayuwarsa yana zaryar asibiti da zazzaɓi da shawara har hanta ta lalace. Ina kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai masu karatun likita, waɗanda gobe su ne za su riƙe allurar, da su koyi salon duka biyu da kyau, su kuma koyi ajiye allura su kira na gaba da su a ranar da aikin ya fi ƙarfinsu. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.